Yadda Kawu Ya Yi wa Motar Baba Maganin Tari

Baba, da kana nan kai za ka fi kowa dariya, irin dariyar nan taka marar sauti, wadda sai dai a ga kafaɗunka suna rawa. Tun da ka tafi gidan ya yi shiru, ko cokali ne ya faɗi sai kowa ya waiwaya. Ni ban iya jera magana kamar waɗanda suka yi nisa a makaranta ba, amma labarin nan ya ƙi sakina, kuma motarka ce a tsakiyarsa. Wani abin na gani da idona, sauran kuwa Tela da Mai aski na layinmu ne suka cike mini, don lokacin ina wurin aiki.

Abin ya faro ne ranar da Mama ta tsaya a ƙofar gida ta zuba wa jar motarka ido. Tana nan cikin tamfol inda ka bar ta, tayoyi sun soma kwanciya, kyanwar maƙwabta ta mai da bonet wurin shan hantsi. Mai gidan haya ya daɗe yana ƙorafin ta tare hanya. Mama ta ce ita ma ta gaji da fitowa kullum ta tarar da abu a lulluɓe kamar ana jiran masu ɗauka. Za ta je wurin ƙanwarta ta ɗan huta, ranar Asabar za ta dawo, kuma ta riga ta gaya wa ɗan gwangwan ya zo da janwe. In motar ta tashi ta yi tafiya da ƙafarta a gaban idonta, to a bar ta. In ba ta tashi ba, a ja ta a yanka.

Kawu yana kan bencin mai shayi ya ji wannan magana. Ka fi ni sanin Kawu, ƙanen Mama, mai gyaran janareto da fanka a ƙarshen layi, wanda ba ya amsa sallama sai an ce masa Injiniya. Ya dire kofi, ya miƙe, ya gyara zaman hula. Ya ce duk abin da ke shan fetur a duniyar nan ɗan'uwan janareto ne, girman jiki ne kawai ya raba su. Kuma ba tashi kaɗai motar za ta yi ba, zai daidaita ta har a ɗora kofin shayi cike a kan injin ko ɗigo ba zai zube ba.

"Yaya, ki tafi hankalinki kwance," in ji shi. "Kafin ki dawo sai kin sa kunne za ki san tana kunne."

"Fankata da ka karɓa tun bara fa?"

"Tana kan layi."

Mama ta shiga ta ɗauki jakarta.

Abu ɗaya ne ya rage a motar, sabon kafireton nan da ka yi oda daga nesa, mai maƙogwaro biyu kamar hancin saniya. Ka zauna a teburin tsakar gida ka daidaita shi tsaf kafin ciwo ya kwantar da kai, ɗaurawa ce kawai ba ka samu yi ba. Kawu ya sauko da kwalinsa daga saman kwaba, ya fito da shi a kan tafin hannu biyu kamar an ba shi jariri. Sai da ya tabbatar Tela ya ɗago kai daga kekensa, Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, sannan ya fara. Aikin ba wani aiki ba ne, notuna ne a ɗaure, a haɗa tiyon mai, a maƙala wayar totur. Amma Kawu ya yi rabin yini a kai, saboda duk notin da ya ɗaure sai ya juyo ya yi wa jama'a bayanin tarihinsa.

Ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Barab-barab-barab, barab-barab. Jikinta duka yana karkarwa, madubi yana rawa, wani siririn hayaƙi shuɗi yana fita ta salansa. Tela ya tafa hannu. Mai shayi ya ce ashe Injiniya injiniya ne. Da Kawu ya kashe ta a nan ya mai da tamfol ya jira Asabar, da yanzu ana ta ba da labarinsa da girma. Amma sai ya haɗe fuska. Ya fito, ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido.

"Tari take yi," ya ce. "Fistin ɗaya ya mutu."

Ana cikin haka sai ga Tsinke, abokinka mai walda, ya shigo layin da gudu da tabaran aiki a goshi. Daga shagonsa ya jiyo ƙarar, ya yar da abin da ke hannunsa. Ya tsaya a bayan motar yana haki, idonsa ya yi ja. Ya roƙi Kawu don Allah kada ya taɓa komai, ya ce wannan ita ce muryarta. Ya ce injin rotari ne, ba shi da fistin ko ɗaya. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku suke juyawa a cikin wani ciki mai siffar ɓawon gyaɗa. Kuma kai da hannunka ka faɗaɗa ƙofofin da iska ke shiga don ta yi numfashi da kyau in tana gudu, shi ya sa in tana tsaye take ɗingishi kamar dokin da aka ja wa linzami. Hayaƙin kuwa ɗan baƙin mai ne da kake gauraya mata a fetur, in babu shi gefunan ƙarafan za su cinye.

Kawu ya bari ya gama tas, sannan ya kama hannunsa ya ja shi gefen injin.

"Ƙirga mini fulogi."

"Huɗu ne."

"To fulogi huɗu, fistin huɗu. Wannan ko ɗan koyo na ya sani."

"Ba ka da ɗan koyo, Injiniya. Kuma kowane ƙarfe fulogi biyu yake ci."

"Wa ya taɓa ba mai hura wuta ɗaya ashana biyu a lokaci guda?"

Tsinke ya rantse cewa ko a buɗe injin yanzu ba za a ga fistin ba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to lallai magana ta fito. In babu fistin a ciki, wani ne ya cire su, kuma abin mamaki duk layin nan mutum ɗaya ne ya san babu su. Tsinke ya cire tabaransa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce in Kawu ya gama kashe ta a aiko masa ya zo jana'iza, ya juya ya tafi. Kafin la'asar Mai aski ya gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa an sace fistin ɗin motar marigayi, har wata tsohuwa ta zo gida jaje, tana cewa mutane ba su da tsoron Allah, ko wata nawa aka yi da rasuwar.

Washegari Kawu ya fara da hayaƙi. Ya zuƙe fetur ɗin tanki da tiyo, ya ƙware sau da dama, ya zubar, ya zuba sabo zalla ba gauraye. Hayaƙi ya ɗauke. Ya zagaya shaguna yana kiran mutane su zo su shinshina salansa. Daga nan ya koma kan tarin. A jikin kafireto akwai ƴan kusoshi da ake murɗawa a daidaita silo, wato yadda injin ke numfashi in mota tana tsaye. Kawu ya ce silon ya yi sama, ya murɗa ƙasa, mota ta mutu. Ya murɗa sama, ta yi wata ƙara irin ta injin niƙa da ya haɗu da dutse, har Mai aski ya zabura ya zabge wa wani direba rabin gashin baki. Direban ya fito da ƙyalle a wuya yana tambayar wanda zai daka. Kawu ya ce masa ai rabin ma ya fi yi masa kyau, ya rage masa shekaru.

Haka ya wuni, ya tayar, ya kashe ya yi bayani, ya tayar, ya kashe ya yi bayani. Ita kuwa irin motar nan ba ta son a kashe ta jikinta bai yi zafi ba, sai fetur ya taru a cikinta ya shaƙe ta. Can da yamma ta ƙi tashi gaba ɗaya. Warin fetur ya cika layi har mai shayi ya ɗauke murhunsa ya koma tsallaken hanya, kwastomomi suna biye da shi da kofuna a hannu. Tela ya ce shi dai a hancinsa kamar man ya yi mata yawa. Kawu ya ce hancin tela zare ya sani. Ƙishirwa ce ke damunta, mai ba ya isarta.

Sai ya buɗe cikin kafireto. Akwai wasu ƴan ƙananan tagulla guda biyu, kowanne bai fi ƙwayar masara ba, masu huda a tsakiya wadda mai ke bi. Makanikai suna ce musu jet. Kawu ya ɗaga ɗaya a rana, ya leƙa hudar da ido ɗaya, ya ce ko shi aka ba shi ruwa ta wannan ƙofar ai tari zai yi. Ya aro allura wurin Tela, ta karye. Ya aro wata, ta karye. Da Tela ya rufe akwatin allurarsa ya zauna a kai, Kawu ya samo ƙusa da guduma ya buɗe hudar har ana hango mutum ta ciki. Ya mayar da shi, ya ciro na biyun, ya rasa inda zai ajiye don hannuwansa duk mai, sai ya maƙale shi a leɓe ya sunkuya cikin bonet.

A daidai nan matarsa ta iso da kwanon abinci, ta tsaya a bayansa.

"Injiniya, janareton gidanka ya ƙi tashi, ko in kira mai gyara?"

Kawu ya ɗago da sauri zai ba ta amsa, ƙeyarsa ta haɗu da bonet, ƙau. Ya tsaya cak. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

"Me ka haɗiye?"

"Ba komai."

"Idonka ya fito fa."

"Tagulla ce. Tana ƙara jini."

Ta ce ya tashi su je asibiti. Ya ce aikin da ke gabansa ba ya jiran asibiti, kuma abin da ya shiga da ƙafarsa zai fita da ƙafarsa. Ta ajiye kwanon ta ce to ya ci da yawa ya taimaka masa ya samu hanya. Da ta tafi, abu na farko da ya yi shi ne ya kwance bonet ɗin gaba ɗaya ya jingine shi a bango, ya ce dama yana hana injin shan iska.

Tun daga ranar gaisuwar layin ta canza. Da safe Tela zai leƙo ya ce, "Injiniya, kayan gyara sun iso?" Kawu ya ce suna hanya. Mai aski ya ce ko kwastan ne suka riƙe. Mai shayi kuwa ya daina sa masa madara, ya ce yana so ya taimaka wa harkar sufuri. Da Kawu ya ga kayan ba su da niyyar isowa, sai ya ciro jet ɗin wani tsohon janareto da aka kawo masa gyara, ƙarami ne bai cika gurbin ba, ya naɗa masa zare ya cusa. Yanzu maƙogwaro ɗaya yana ambaliya, ɗayan yana azumi.

Batir ya mutu saboda yawan bugu. Kawu ya ɗauko na shagonsa ya ɗaure a gefen injin da igiya. Ya ce ya gano wani abu da mai motar bai lura da shi ba: wuta tana gajiya a hanya kafin ta je wurin makulli ta dawo. Don haka ya ja waya kai tsaye daga batir zuwa injin, makulli ya zama ado. Sannan ya zauna a kujerar direba ya taka totur, ya ce ya yi tauri, wannan sai ƙafar maƙeri. Ya bi ya gano sifirin da ke dawo da totur in an ɗaga ƙafa, ya cire shi ya jefa a aljihu. Ya je wurin Tela ya yanko robar da ake sa wa ƙugun wando, ya ɗaura a madadinsa. Ya taka, ya ɗaga, totur ya dawo a hankali kamar mai ladabi.

"Ka ga aikin hankali," ya ce wa Tela. "Masu ƙera mota ba su yi shawara da ni ba."

"Robar nan fa ba ta son wuta," in ji Tela. "Ko guga na sa mata sai ta narke."

"Wa ya ce maka guga za mu yi?"

Ranar Asabar Mama ta dawo da hantsi. Ba ta ko shiga ciki ba, aka fito mata da kujera ta zauna a bakin ƙofa, jaka a cinya. Ta dubi motar ba bonet, wayoyi sun fito kamar hanjin kaza, ta dubi ƙanenta. Ɗan gwangwan ya riga ya iso, ya ajiye janwe a gangaren layi, yana zagaya motar da sarƙa a kafaɗa yana ƙwanƙwasa ƙofofi yana sauraron kaurin ƙarfe. Layin ya cika. Har direban nan mai rabin gashin baki ya dawo, yanzu ya aske sauran. Tsinke yana can baya, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce shi wucewa kawai yake yi.

Kawu ya fito cikin farar rigar aiki da ya aro wurin Mai aski. Ya karɓi kofin shayi cike, ya ɗora a kan injin da kansa, ya roƙi jama'a su yi shiru don in ta tashi ba lallai su ji ba. Ya shiga ya buga. Injin ya juya, wuyu-wuyu-wuyu, ba ta kama ba. Ya sake. Ya ce sanyin safiya ne, alhali gumi yana ɗiga ta haɓarsa. Ya sake bugawa har batir ya soma jan ƙafa. Ɗan gwangwan ya sauke sarƙa daga kafaɗa, ya durƙusa yana neman inda zai maƙala ƙugiya.

Tsinke ya kasa daurewa. Ya ratso mutane ya zo gaban Mama, bai ko kalli Kawu ba. Ya ce mata fetur ya wanke cikin injin ya bushe, shi ya sa ba ta kamawa. A zuba baƙin mai cikin murfin kwalba ɗaya a maƙogwaron kafireto, a tura ta a gangare, wataƙila Allah ya sa ta amsa.

Kawu ya ce dama abin da yake shirin yi kenan aka katse shi. Sai dai murfi ɗaya awon ƴan koyo ne. Kafin Tsinke ya buɗe baki ya tuttule kwalbar gaba ɗaya, ya girgiza ta don kada a yi asarar ɗigo.

Tela da Mai aski da mai shayi suka kama baya. Ɗan gwangwan ma ya sa kafaɗa, ya ce ai wajen janwensa ake turawa, an rage masa aiki. Kawu ya sa giya ta biyu, ya leƙo ta taga yana ba da umarni, yana cewa masu turin ba su karya ba ne. Mota ta ɗauki gangare. Ya saki kuloci. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, sai duk fetur ɗin da ya kwana a salansa ya kama a lokaci guda.

Ƙarar sai da ta tashi tattabarun layin duka. Harshen wuta mai tsawon mutum ya fito ta baya, ya lashe gashin girar ɗan gwangwan, Tela ya faɗa kwata da baya. Wata wutar ta yi atishawa ta saman kafireto, kofin shayi ya yi sama, robar wando ta narke nan take. Totur ya kwanta ƙasa ya ƙi tashi. Farin hayaƙi ya rufe layin har mutum ba ya ganin wanda yake riƙe da shi, kuma daga cikin hayaƙin aka ji motar ta tafi tana ihu.

Abin da ya ceci Kawu shi ne maƙogwaron nan mai azumi, da kuma ƙafarsa da ya kafa a kan birki da dukan nauyinsa. Duk da haka gudun ya fi ƙarfin wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke mai inji ba. Ya sha kwanar ƙarshen layi, ya zagaya ta bayan gidaje, kafin hayaƙi ya washe sai ga shi ya sake ɓullowa ta sama. Mutane suka manne da bango. Ya ɗaga hannu ɗaya ta taga.

"Gwaji nake yi."

Ya wuce. Da ya sake zagayowa hular ba ta kansa, kuma hannu biyu yake riƙe da sitiyari.

"Tsinke, ta ina ake kashe ta?"

"Makulli."

Aka ji ƙarar ta yi nisa, ta dawo. Da ya iso sai ya jefo makullin ta taga, ya faɗi a gaban Mama, motar ko a jikinta. Tsinke ya bi shi da gudu yana cewa ya cire wayar da ya haɗa. Kawu ya ce wayar tana waje shi yana ciki. Tsinke ya ce to ya taka kuloci. Ya taka, injin ya samu sake ya yi wata irin kururuwa da ta sa yara toshe kunne, Kawu ya tsorata ya saki, mota ta yi tsalle ta ƙara gaba. Ya nemi ya buɗe ƙofa ya dira, sai a lokacin ya tuna ka cire mariƙin ciki tuntuni don rage nauyi.

Matarsa tana tsaye a kan dakalin Tela, ta sa hannu a baki kamar mai kiran yaro.

"Injiniya, tun da ta kasuwa kake bi, ka taho mana da albasa."

"Ki ce su kawar da janwe," ya amsa, muryarsa ta koma ta ɗan akuya.

Ɗan gwangwan ya ruga zai kawar da janwe, ya tarar ya bar makullinsa a aljihun rigar da ya cire lokacin turi. Kawu ya taho, ya ga janwe a gabansa, ya ga kwata a hagu, ya ga tulin yashin masu gini a dama. Ya zaɓi yashi. Motar ta nutsa hanci a ciki har fitilu, ta yi atishawa ɗaya, ta yi shiru.

Layin ma ya yi shiru. Yashi yana zubowa a hankali a kan gilashi. Can sai ga ƙafa ɗaya ta fito ta taga, ba takalmi, sannan ɗayar, sannan sauran Kawu, ya maƙale a ƙugu sai da mai shayi ya ja shi. Farar rigar Mai aski ta koma kalar gindin tukunya. Ya tsaya, ya karkaɗe kafaɗa ya dubi jama'a.

"Kun dai gani," ya ce. "Silo ne kawai ya rage."

Wani sauti ya fito daga bakin ƙofarmu, kowa ya juya. Mama ce. Ta rufe baki da gefen mayafi amma abin ya fi ƙarfinta. Ta yi dariya har jakar ta zame daga cinyarta, ta nuna Kawu da yatsa ta kasa magana, hawaye yana bin kumatunta. Baba, rabon da a ji dariyar Mama tun kana asibiti. Da layin ya ga haka sai kowa ya saki tasa. Tela yana cikin kwata har yanzu, a nan ya yi tasa.

Ɗan gwangwan ya matso yana shafa inda girarsa take da, ya tambayi Mama ko ya ɗaure.

"Ka ga ta yi tafiya da ƙafarta ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Mama. Har girata ta gani."

"To sauka lafiya."

Ya naɗe sarƙarsa. Ya ce tun da ya ƙona mai ya zo, ko za a ba shi Injiniya ya tafi da shi, ya ji an ce akwai tagulla a ciki. Matar Kawu ta ce ya dawo jibi.

Mama ta tsinci makullin daga ƙasa, ta goge shi da mayafi, ta miƙa wa Tsinke. Ta ce ya mayar da komai yadda mai ita ya bari, da tarin da hayaƙin duka. Kawu kuwa ta ce in ta sake ganinsa kusa da motar da sukundireba, ita da shi ne. In yana son taimako, ga bokiti ga soso. Kawu ya ce dama shi ya gama babban aikin, ƙananan abubuwa ne suka rage, kuma yana da kyau a bar wa na baya su koya. Aka taru aka zaro motar daga yashi, aka turo ta ƙofar gida, mutane suka watse kowa yana maimaita wa ɗan'uwansa abin da ɗan'uwan ya gani da idonsa.

Da la'asar sakaliya na fito zan zubar da shara. Layin ba kowa, rana ta yi laushi a kan jan fentin. Sai na ga Kawu shi kaɗai da bokiti. Ya wanke gilashi, ya wanke ƙofofi, yana bin yashin da ya shiga ƙananan wurare da ɗan yatsa. Da ya zo tagar direba sai ya tsaya, ya dafa ta da hannu biyu, ya sunkuya kamar yadda ake yi in za a yi magana da wanda ke zaune a ciki.

"Maigida," na ji ya ce, a hankali ƙwarai. "Ka ga dai na tashe ta, ko?"

Ya tsaya a haka yana jira. Ya daɗe. Sannan ya goge fuskarsa da jiƙaƙƙen soson, kumfa da komai, ya ci gaba da wanki.

Na koma ciki da sharata a hannu don kada ya gan ni. Wannan ban gaya wa kowa ba tukuna, Baba, ko Mama. Kai ne na farko.